Dokin da ya gagari kowa, kofato ne ya kayar da shi

Ka ce me, Sani? Wai don me nake sa ka dafa kofaton kowane doki da asuba, alhali suna cin abinci lafiya, ba mai ɗingishi? Ajiye bokitin nan tukuna, zo ka zauna.

Akwai wani jan ingarma da aka haifa a jihar Virginia ta Amurka a 1970, sunansa Secretariat. Irin dawakin nan ne na Turawa da ake kiwo don tsere kaɗai, masu dogayen ƙafafu, ba irin namu na hawan Sallah ba. A 1973, yana ɗan shekara uku, ya cinye manyan tseren ƙasar guda uku a jere, abin da aka yi shekara 25 ba a ga wani doki ya yi ba. A na farko, Kentucky Derby, bai cika minti biyu ba ya gama, kuma kowane zango ya fi wanda ya gabace shi sauri. Kai da kake zuwa Filin Sukuwa ka san yadda doki ke yi, da ƙarfi yake fita, sai ya fara saki a ƙarshe. Shi wannan ƙara wuta yake yi. A na ukun, Belmont, tafiyar mil ɗaya da rabi, ya ba na biyu ratar tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24. Har yau ba a sami wanda ya taka wannan lokacin a filin tsere na ƙasa, wanda ba na ciyawa ba. Tsere 21 ya shiga a rayuwarsa, ya ci 16.

Da ya bar gudu aka kai shi gonar Claiborne a Kentucky don barbara. Abin mamaki, ta wajen 'ya'yansa mata jininsa ya fi yaɗuwa. Manyan ingarmu irin su Storm Cat da A.P. Indy duk 'ya'yansa mata ne suka haife su. Shi ya sa nake dariya idan na ga mutum yana raina goɗiya.

To, me ya kashe shi? Ciwon kofato. A watan Oktoba na 1989, yana da shekara 19, likitoci suka ga wahalar ta yi yawa, suka yi masa allurar hutawa. Likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai kilo 10, ta ninka ta sauran dawaki fiye da sau biyu. Dokin da aka yi wa kuɗi sama da dala miliyan 6, ga likitoci ga magani, amma ƙafa ta ƙi.

A cikin kofato akwai wani siririn nama da ke riƙe ƙashi da bangon kofaton. Idan ya kumbura sai riƙon ya saki, ƙashin ya soma nutsewa ƙasa, nauyin dokin duka a kansa. Ƙofofin ciwon suna da yawa, amma wadda ta fi damunmu a Kano ita ce hatsi. Sallah na matsowa sai ka ga maigida ya ce a ɗura wa doki gero da dawa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi ranar Hawan Daushe. Ni ban yarda da wannan ba, ko da kuwa zai ji haushina. Hatsi kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, ciyawa da harawa su ne gaba.

Kafin ɗingishi ya fito, hannunka ne zai gaya maka. Ka dafa kofato huɗun, ka gwada ɗuminsu. Ka sa yatsa a bayan gaɓar da ke saman kofato. Idan jijiya na bugawa da ƙarfi, akwai magana. Ka duba tsayuwarsa, in ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, ko yana ƙin juyawa a turke, kada ka jira ni. Janye hatsin, tsayar da shi a kan yashi mai laushi, sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a kira likitan dabbobi nan take. Kada kuma wani ya ce maka a zagaya da shi wai ya warware.

Tashi ka fara da baƙin nan na ƙarshen barga, jiya na ga ya bar rabin dusarsa.