Tambayoyin Masu Karatu: Gasar Harbi da Agogo da Dokokin Kayanta

Wasiƙu huɗu daga Jos suka haɗu a kan magana guda a wannan mako, wato gasar harbin da ake auna saiti da sauri a lokaci ɗaya, saboda haka muka jera su wuri guda. An taƙaita tambayoyin, amma ba a taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, na ga bidiyo a YouTube na wasu mutane suna gudu tsakanin katangu suna harbin alluna da ƙaramar bindiga, wani kuma yana biye da su riƙe da wata na'ura. Horon soja ne ko wasa? Kuma me ya sa bindigar wani take da madubi a kai, ta wani babu, alhali fili ɗaya suke? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo.

AMSA: Ɗana, wasa ne mai hukuma da alƙalai da kundin dokoki, kuma mutumin da ka gani a baya alƙalin fili ne, na'urar hannunsa agogo ce da ke jin ƙarar kowane harbi tana rubuta lokacinsa. Wasan ya samo asali daga gasannin da aka riƙa yi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, sannan a 1976 aka kafa hukumarsa ta duniya, IPSC, a wani taro a garin Kolombiya na jihar Misuri, inda aka zaɓi tsohon hafsan soja Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. Ginshiƙan wasan uku ne, saiti da ƙarfin harsashi da sauri, kuma kusan duk dokar kaya da za ka ci karo da ita an yi ta ne don kada ɗaya daga cikin ukun ya danne sauran.

Batun madubi shi ne ya kawo mu maganar rukunai. A farkon lamari kowa da bindigar da ya zo da ita yake fafatawa, amma sai masu hali suka shiga gyare-gyare: suka ɗaura wani ƙarfe mai huda a bakin bindiga wanda ke fitar da hayaƙi sama don ya rage ɗagawar baki bayan harbi, suka kuma kafa madubin saiti mai jan ɗigo, wanda ke sa mai harbi ya daina wahalar daidaita saitin gaba da na baya. Da aka ga abin yana neman zama gasar aljihu, sai a farkon shekarun 1990 aka raba masu fafatawa rukuni-rukuni bisa kayan da suke riƙe da shi. Fili ɗaya suke bi, alluna iri ɗaya suke harbi, amma sakamakon kowa ana gwada shi ne da na 'yan rukuninsa kaɗai.

Rukunin Open shi ne wanda aka sakar wa mara. An yarda da madubi, an yarda da ƙarfen rage ɗagawa, babban abin da aka ƙayyade shi ne tsawon gidan harsashi kada ya wuce milimita 170. Bindigogin wannan rukuni su ne mafi tsada, kuma su ne mafi ƙara. Rukunin Standard ya haramta madubi da ƙarfen baki, ya kuma zo da wani gwaji mai sauƙin fahimta: akwai akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150, zurfin 45, kuma dole bindiga ta shiga cikinsa da gidan harsashinta a jiki. A ganina wannan ita ce doka mafi hikima a kundin duka, domin maimakon a tsaya jayayya a kan kowane ƙusa da kowane gyara, an bar maƙera su yi dabararsu, an ce akwati ne zai yanke hukunci. Rukunin Classic an ware shi ga bindigogi masu ƙirar 1911 da ke jera harsashi layi ɗaya, su ma sai sun shiga akwatin, kuma ba a loda fiye da harsashi 8 idan mai babban ƙarfi ne, ko 10 idan mai ƙaramin ƙarfi ne, domin harsashi aji biyu aka kasa shi bisa ƙarfinsa, kuma mai babban ƙarfi ya fi samun maki. Libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, tana da nata rukunin, kuma wadda ke cin harsashi 7 ko fiye ba a ba ta makin babban ƙarfi.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne rukunin Production, domin shi aka yi wa mai matsakaicin hali. Bindigar dole ta kasance cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su, irin su Glock 17 ko CZ Shadow 2, kusan yadda ta fito daga masana'anta, bututunta kada ya wuce milimita 127, kuma ba a fara zagaye da fiye da harsashi 15 a gida ɗaya. Har nauyin jan kunama an auna shi: ko dai jan farko ya kai kilo 2.27, ko kuma kowane ja ya kai kilo 1.36. Dalilin haka shi ne kunama mai laushi tana sauƙaƙa harbi da sauri ba tare da saiti ya goce ba, to da an ƙyale, da nan masu kuɗi za su sake buɗe gasarsu. Daga baya an ƙara rukunin Production Optics, wanda dokokinsa kusan iri ɗaya ne sai dai an yarda da madubi, abin da ya taimaki waɗanda idonsu ya fara rauni. Wanda kuma aka samu kayansa sun saɓa wa rukunin da ya yi rajista, galibi ba korarsa ake yi ba, mayar da shi Open ake yi, ya je ya kara da waɗanda suka fi shi kaya.

TAMBAYA: Ni malamar lissafi ce. Na ji an ce wanda ya fi samun tsakiyar allo yana iya shan kashi a hannun wanda bai kai shi saiti ba. Yaya ake wannan lissafi? Daga wata malama a Gangare.

AMSA: Malama, gaskiya aka faɗa miki, kuma lissafin rabawa ne kawai. Allon kwali yana da yanki uku, A da C da D. Mai harsashin ƙaramin ƙarfi yana samun maki 5 da 3 da 1, mai babban ƙarfi kuma 5 da 4 da 2. Kuskuren allo gaba ɗaya yana jawo a cire maki 10, haka ma harbin allon da aka hana taɓawa. Ana tara makin a raba da daƙiƙoƙin da mutum ya ɗauka, wanda ya fi yawan maki a kowace daƙiƙa shi ya ci zagayen.

Ɗauki zagaye mai harsashi 12, wato maki 60, da mutum biyu masu harsashin ƙaramin ƙarfi. Na farko ya sa 10 a A, 2 a C, ya sami 56 cikin daƙiƙa 10, sakamakonsa 5.6. Na biyu ya sa 6 a A, 6 a C, ya sami 48 amma cikin daƙiƙa 8, sakamakonsa 6. Na biyu ya ci, za a ba shi maki 60 na zagayen, na farko kuma a ba shi kasonsa gwargwadon kusancinsa, wato 56. Amma da ɗaya daga cikin harsasan A na mai saurin nan ya kuskure allo, da ya rasa 5 an kuma cire masa 10, ya koma 33, wanda idan an raba da 8 bai wuce 4.1 da 'yan kai ba. Saboda haka ƙwararru ba gudu kawai suke yi ba, suna auna kowane allo ne su ga nawa ya cancanci a kashe masa na lokaci.

Shi kuma ƙarfin harsashi ba da baki ake faɗinsa ba. Ana ninka nauyin kan harsashi a ma'aunin giren, wani ƙaramin ma'aunin nauyi, da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000. Harsashin milimita 9 mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1050 yana ba da 130.2, ya haye 125 da ake buƙata don ƙaramin ƙarfi. Babban ƙarfi yana farawa daga 160 a Open, 170 a Standard da Classic da rukunin libarba, shi kuwa Production ƙaramin ƙarfi kaɗai ake lissafa masa. A manyan gasanni ana karɓar samfurin harsashin ɗan wasa, a auna nauyin guda, a harba wasu ta cikin na'urar auna gudu. Wanda ya ce babba ne aka samu bai kai ba, a mayar da makinsa na ƙarami, wanda kuma ya gaza 125 makinsa ba ya shiga sakamako. Ƙarin makin ladan wahala ne, domin harsashi mai ƙarfi ya fi shuri, kuma dawo da saiti bayansa ya fi cin lokaci.

TAMBAYA: Na yi aikin soja har na yi ritaya, kuma abin da aka koya mana shi ne ba a wasa da makami. Gudu da bindiga mai harsashi don neman kofi ba sakaci ba ne? Daga wani dattijo a hanyar Rukuba.

AMSA: Baba, damuwarku a kan hanya take, sai dai idan kun duba kundin za ku ga tarbiyyar da kuka sani a bariki ce aka ƙara wa tsanani. Ba wanda ke yawo da bindiga mai harsashi a filin gasa. Tana cikin kube babu komai a cikinta, kuben kuma dole ya rufe kunama, ba a loda ta sai alƙali ya ba da umarni a wurin farawa, ba a kuma barin wurin sai an cire gidan harsashi an nuna wa alƙali cewa cikinta fayau yake. Akwai keɓaɓɓen wuri na duba bindiga ko goge ta, a can kuma an hana taɓa harsashi ko da guda. Yayin zagaye, bakin bindiga ba ya karkata fiye da digiri 90 daga fuskar tudun da ke tare harsashi, yatsa kuma yana wajen kunama duk lokacin da ake sauya gidan harsashi ko ake tafiya ba tare da ana saitin allo ba. Allunan ƙarfe ba a harbinsu da ƙaramar bindiga a ƙasa da mita 7 saboda ɓarɓashin da ke dawowa, tabaran kare ido kuma wajibi ne. Hukuncin karya dokar tsaro ba rage maki ba ne, fitarwa ce daga gasar baki ɗaya, ko da mutum shi ke kan gaba. Wani abin da zai yi muku daɗi, hukumar ba ta son farar hula su sa kaki mai ɗigo-ɗigo irin na soja, allunanta ma masu kusurwa takwas ne, ba su da siffar mutum.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara 19 ya dame ni yana son shiga wannan wasa. Doka ta yarda? Daga wani mahaifi a Bukuru.

AMSA: Alhaji, a nan dokar ƙasa ce ke gaba da dokar wasa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka fara yi a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin haramtattu, tare da bindigogin yaƙi, ba mai mallakarsu sai da lasisi daga shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma irin ta maharbanmu lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ka ga ke nan duk rukunan da muka lissafa a sama an gina su ne a kan makamin da farar hula a ƙasar nan ba ya riƙewa haka kawai, kuma mu mutanen Jos mun fi kowa sanin abin da makami a hannun da bai dace ba yake haifarwa. Duk wanda ya ce zai samar wa yaron bindiga ta bayan gida don atisaye, gidan yari yake nema masa.

Wasan ya daɗe a nahiyarmu, domin an yi gasar duniya a Salisbury, wato Harare ta yau, a 1977, an kuma yi a Afirka ta Kudu a 1979 da 2002, amma can dokokinsu daban ne da namu. A ƙasashen da ke da tsauraran dokoki, IPSC ta buɗe wani reshe mai suna Action Air, inda ake amfani da bindigar gas mai harba ƙwallon roba na milimita 6, da rukunai da lissafi irin na asali, kuma a Hong Kong aka yi gasarsa ta duniya ta farko a 2018. Ko wannan ma kada a sayo ko a shigo da ita sai an tambayi 'yan sanda a rubuce, saboda kamanninta da bindigar gaske kaɗai ya isa ya jefa yaro cikin haɗari a shingen bincike.

Hanyar da na fi ba ka shawara ita ce harbin Olamfik, wanda ke cikin wasannin tun 1896 kuma hukumarsa ta duniya, ISSF, ke kula da shi. Ana fara shi da bindigar iska mai milimita 4.5 a nisan mita 10, a tsaye cik, babu gudu, kuma shi ke koyar da riƙo da numfashi da jan kunama, waɗanda su ne tushen kowane irin harbi. Ka je da yaron hukumar wasanni ta jihar Filato ko ka tuntuɓi hukumar wasan harbi ta ƙasa, ka tambayi inda ake horo a ƙarƙashin kocin da aka sani, ka kuma nemi ganin takardun lasisin wurin da idonka kafin ka biya ko kwabo.