Shin da gaske an sa ƙarfe a cikin kan Dixie Dean?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 14 ya yi karo da wani yaro, kai da kai, a wajen atisayen ƙwallon ƙafa. Ya yi amai sau biyu, kuma har yau yana cewa kansa na sarawa. Kocinsu ya ce kada mu damu, ai Dixie Dean, tsohon ɗan wasan Everton, ƙoƙon kansa ya fashe, aka sa masa ƙarfe, kuma da wannan kan ya ci ƙwallo 60. Kocin yana so yaron ya buga wasan ranar Asabar. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kada ya buga. Ka kai shi asibiti yau, kada a jira Asabar. Amai sau biyu da ciwon kai da ya ƙi sauka bayan buguwa sun isa a duba shi, wataƙila har a ɗauki hoton kansa.

Labarin Dean kuwa, rabinsa gaskiya ne. Everton ta sayo shi daga Tranmere Rovers a 1925 kan fam 3,000. A 1926 ya yi hatsari da babur a arewacin Wales, ƙoƙon kansa da muƙamuƙinsa suka tsage. A kakar 1927-28 ya ci ƙwallo 60 a wasa 39 na lig, ukun ƙarshe a ragar Arsenal ranar rufe gasa, ya shafe tarihin 59 da George Camsell ya kafa wa Middlesbrough a rukuni na biyu. Har yau babu wanda ya kamo shi a Ingila. Ko Haaland na Manchester City a 36 ya tsaya. Amma batun ƙarfe a cikin kai zancen 'yan kallo ne, kuma ko da akwai shi, ƙarfe ba ya ƙara wa kowa ƙarfin sa ƙwallo da ka. Abin da ya taimaki Dean, ban da baiwarsa ta tsalle, shi ne sauya dokar satar gida a 1925: aka rage 'yan wasan abokan hamayya da ake buƙata tsakanin mai kai hari da layin raga daga uku zuwa biyu. Ƙwallayen babban rukuni suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka guda.

Abin da kocin ya tsallake shi ne Dean kwanciya ya yi a asibiti, ya yi watanni bai taka fili ba. Ba kwana huɗu aka ba shi ba.

Wannan tunani na cewa jarumi ba ya fita fili don an buge shi a ka, kullum sai na ci karo da shi, kuma ya gundure ni. Yaro ya faɗi, sai a fasa ledar ruwa a kwarara masa a ka, a nuna masa yatsu a ce nawa ne, ya ce biyu, a tura shi ya koma. Da yamma a je kemis a haɗo masa magunguna, wani ma har da tiramadol, ciwon ya lafa, alamun da ya kamata su tsorata iyaye su ɓuya. Wasu su ce tunda bai suma ba, kuma jini bai fito ba, lafiya lau. Mafi yawan girgizar ƙwaƙwalwa babu suma a cikinta, jinin da ke kisa kuma a ciki yake taruwa, inda mai kemis da mai ɗori ba sa gani. Bugu na biyu kafin na farko ya warke na iya kumbura ƙwaƙwalwar yaro nan take. Kocin da ke neman kofin unguwa ba shi zai kwana a gefen gadon ba.

Su kansu Turawan sun daina tinƙaho da irin wannan juriya. Da Jeff Astle na West Brom ya rasu a 2002, mai binciken musabbabin mutuwa ya danganta cutar ƙwaƙwalwarsa da yawan sa ƙwallon fata mai nauyi da ka. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan wasa sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar Birtaniya ta 2023 ga wasannin unguwa ta ce ba a komawa gasa ƙasa da kwana 21 bayan buguwa.

Kafin ku isa asibiti, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, kada a bar shi shi kaɗai. In ya fara yawan barci, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko hannu ɗaya ya yi masa nauyi, ku nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.