Kafin ka sayar da shanun huɗa, ƙirga ledojin da suka fita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan tireda ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Dawakin Kudu. Shekara biyu da suka wuce na killace fili kusa da rijiya a bayan gidanmu, na fara renon itatuwa a leda: darbejiya, zogale, mangwaro, gwaiba da lemun tsami, saboda na lura mutanen birni sun fara son shuka a gidajensu. Na cika leda wajen dubu huɗu, na kashe kusan naira 650,000. Ɗan yayana ne yake kai su Kano yana sayarwa a bakin titi, ya kawo mini abin da ya samu. Zuwa yanzu abin da ya shigo hannuna bai wuce 280,000 ba, kuma saura kusan leda dubu a lambun. Na ji ana cewa gwamnati da ƙungiyoyi suna sayen dashe dubbai. Ina tunanin in sayar da shanun huɗata guda biyu, in haƙa burtsatse, in kai leda dubu ashirin. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar shanun nan a turkensu. Ruwa ba shi ne matsalarka ba, ƙarancin leda ma ba shi ba ne. Amsarka tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce yaron yana kawo maka "abin da ya samu". Abin da ya samu a kan guda nawa? Ba ka faɗa ba, kuma na tabbata ba ka faɗa ba ne don ba ka sani ba.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka bayar. Ka cika dubu huɗu, saura dubu, ke nan dubu uku sun bar lambun, ko ta ƙofa ko ta mutuwa. A ce duk an karyar da su a kan naira 300, har da mangwaron, kuɗin da ka karɓa na guda ɗari tara da 'yan kai ne. Lambun da ake kula da shi yakan yi asarar ɗaya ko biyu cikin goma, to mu yafe maka ɗari takwas. Har yanzu akwai dashe fiye da 1,200 da babu wanda zai iya cewa ga inda suka shiga. Kana so ka ninka wannan ramin sau biyar, kuma da kuɗin shanun da suke ciyar da gidanka.

Ban ce ɗanka ɓarawo ne ba, kada ka je ka ce an ce. Mai yiwuwa yaron kirki ne. Ta yiwu rabin kayan sun bushe a bakin kwalta, ya ji kunyar faɗa maka. Ta yiwu ya ba da bashi ga wani maigadi ko mai aikin lambun wani Alhaji, har yau ana ce masa ya dawo gobe. Ta yiwu kuɗin mota da abinci da na masu karɓar haraji a bakin titi duk daga cikin cinikin yake cira, kuma a ganinsa hakan daidai ne, tun da ba ka yanka masa lada ba. Ta kuma yiwu yana ci. Ba ka da hanyar bambance waɗannan, shi ma ba shi da hanyar wanke kansa. Kai ka jefa shi cikin wannan hali, ba shi ba.

A tiredarka idan ka ba yaro katan ɗin sabulu, ko dai ya dawo da kuɗi ko ya dawo da sabulu. Dashe kuwa yana da hanya ta uku, ana iya cewa ya mutu, kuma sau da yawa gaskiya ne. Don haka masu wannan sana'a da suka san abin da suke yi suna da doka guda: ledar da ta mutu tana dawowa gida da busasshen karanta a ciki. Babu leda, babu mutuwa, kuɗi ake bi. Ƙasar cikinta ma ba asara ba ce, a juye a rana ta sha zafi, a sake haɗawa.

Ka sayi littafi biyu iri ɗaya, ɗaya naka, ɗaya nasa. Ranar lodi ku tsaya ku biyu a bakin mota ku ƙirga, kowane iri daban: darbejiya kaza, mangwaro mai aure (wanda aka ɗaura wa reshen wata bishiyar mai kyawun 'ya'ya) kaza, marar aure kaza. A rubuta kwanan wata, da adadi, da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, kowa ya sa hannu a littafin ɗan'uwansa. Ka ɗiga wa ledojin kowane lodi fenti kala guda, wannan karon ja, na gaba fari, don ka gane kayan da suka yi wata biyu a titi ba su motsa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a zauna a yi lissafi: abin da aka sayar, abin da ya mutu ga ledarsa, abin da ya rage. Ukun nan su haɗu su ba da adadin da ya fita. Idan sati ya yi maka kusa, sati biyu, amma kada ya wuce haka, domin bayan wata guda babu wanda yake tuna komai sai rantsuwa.

Ka yanka masa lada a fili, ko kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na ciniki, ko kuma ka sayar masa da kayan a kan sari, abin da ya ɗora nasa ne. Na fi son ta biyun, don wanda dashen ya zama nasa ba ya mantawa da ba shi ruwa. Bashi kuma babu, sai da izininka kuma a rubuce. Kuma kada ka yi wannan magana da yaron shi kaɗai. Ka fara samun Yaya, ka ce masa kana so ka gyara harkar ne don yaron ya san nasa, ya fara tara abin kansa. Idan wani a gida ya ce rubutu tsakanin ɗa da uba rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ba a cire dangi a ciki ba.

Littafi na uku naka ne kai kaɗai, na lambu. Idan aka raba 650,000 ga dashe 3,200 da muka ɗauka sun rayu, kowane ɗaya ya ci kusan naira 200 tun bai hau mota ba. Gaskiya ne akwai kuɗin shinge da rumfa a ciki waɗanda ba kullum za a sake su ba, amma ka ga darbejiyar da aka sayar 300, aka cire mota da ladan yaro, kusan aikin banza aka yi. Wannan littafin ne zai nuna maka wane iri ne yake ciyar da lambun, wane ne lambun yake ciyarwa.

Zan iya faɗa maka abin da za ka gani tun yanzu. Darbejiya ba ta da kuɗi a birni, don tana tsirowa da kanta a gindin kowace katanga, kuma ita ce kan gaba cikin abin da ake rabawa kyauta da damina. Mai gidan da filinsa bai wuce ƙafa hamsin ba yana tsoron saiwarta kusa da gini. Abin da yake nema itace ne da zai ba shi inuwa kaɗan da abin ci: mangwaro mai aure, lemo mai aure, gwaiba, gwanda. Uwargida kuma tana neman zogale, na'a-na'a da lalle, abin da zai zauna a buhu ko tsohon bokiti a tsakar gida. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai biyar zuwa takwas, kuma ba ka da tabbacin irin da zai fito. Wannan bambancin ne mutum yake biya. Ana yin auren ne idan karan ya kai kaurin fensir, da reshen uwar da ka san 'ya'yanta da bakinka. Idan ba ka iya ba, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace ta ƙasa, NIHORT, tana da ofishi a Bagauda, ga kuma kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, ka nemi wanda zai nuna maka, ko ka ɗauko ƙwararre ka biya shi a kan kowane auren da ya kama, ba wanda ya ɗaura ba. Kuma kada ka taɓa sayar da na ƙwallo da sunan mai aure. Dabino ma haka, idan daga ƙwallo ne kusan rabi maza ne, mai saye ba zai gane ba sai bayan shekaru, ran da ya gane kuwa duk unguwarsu sai ta ji.

Yawancin mutuwar da ake yi a bakin titi daga lambu aka ɗauko ta. Ledar da ta zauna wuri guda wata biyu, saiwar ta huda gindinta ta shiga ƙasa. Ranar lodi yaro ya fizgo, ka ji ƙas, farar saiwa ta tsinke. Da safe ganyen shar, kafin la'asar ya langaɓe a Kano, bayan kwana uku sai kara. Maganinsa a riƙa ɗaga kowace leda duk sati biyu zuwa uku, a datse abin da ya leƙo da wuƙa mai kaifi, a sauya mata wuri. Sati biyu ko uku kafin fita a rage inuwa da ruwa a hankali, don dashen da ya saba da rumfar zana ba ya jure zafin kwalta. Haɗin ƙasa kuma kashi biyu ƙasar gona, ɗaya yashi, ɗaya taki ruɓaɓɓe wanda ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, takin da bai ruɓe ba yana kiran gara, ruwan da ya yi yawa kuma yana ruɓar da ƙaramin tsiro daga wuya. Ƙwallon darbejiya ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni ya mutu. Zogale kuwa saurin girma ne matsalarsa, bayan wata biyu ya fi ƙarfin leda, don haka ba a cika shi da yawa lokaci guda. A yi lodi da asuba, a rufe motar, iskar hanya tana busar da ganye fiye da rana.

Kasuwar kanta ta 'yan watanni ce, daga saukar ruwa a Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Abin da ya kwana bayan Satumba kai za ka shayar da shi duk hunturu da bazara. Ƙananan leda dubu suna shan wajen lita ɗari a rana idan zafi ya tsananta. Dubu ashirin ke nan lita dubu biyu, jarka tamanin kullum, ban da manyan ledojin mangwaro. Burtsatse za ta ba ka ruwan, amma ba za ta ba ka mai ko sola ba, balle hannuwan da za su ɗaga leda dubu ashirin duk sati biyu.

Maganar kwangila kuwa, shirye-shiryen suna nan, ba ƙarya aka faɗa maka ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa ta yankin Sahel a 2007, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohi goma sha ɗaya da yake aiki a cikinsu. Akwai kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya yake tallafawa a jihohin Arewa. Sai dai irin waɗannan ayyuka ko suna da lambunan renonsu, ko suna saye ta hannun kamfani mai rajista da takardu. Kai abin da zai iso gare ka ɗan kwangila ne da zai taya a kan sari, ya ce sai an biya shi zai biya ka. An sha ganin mai lambun da ya cika dubbai a kan maganar baki, damina ta wuce motar ba ta zo ba, saiwa ta kama ƙasa, ƙarshe ya riƙa roƙon makarantu da masallatai su zo su kwashe kyauta don ya huta da ban ruwa. Ba a cinikin biri a sama. Wanda yake son dubu biyar ya rubuta iri da adadi da ranar ɗauka, ya ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, sannan ka sayi leda. Kuma wanda bai iya bin sawun dubu huɗu a hannun ɗansa ba, ta yaya zai bi kuɗin dubu ashirin a hannun baƙo?

Bana kada ka ƙara leda ko ɗaya a kan dubu huɗu, ni da za ka ji tawa ma dubu biyu sun isa, rabinsu na 'ya'yan itace masu aure. Gobe da safe ka shiga lambun da biro ka ƙirga dubun nan da ka ce "kusan", iri-iri, ka ware waɗanda suka tsufa a leda ka karyar da su kafin ruwa ya ɗauke. Ka sa yaron ya ƙirga na wurinsa a rana guda, ya rubuto sunayen duk wanda yake bi bashi. Abin da ya wuce kada ka tsaya tono shi, ba za ka samo kuɗin ba, sai dai ka ɓata da Yaya. Ka nemi masu sayar da furanni biyu ko uku a birni da za su riƙa ɗauka a kan sari kuɗi hannu, don kada duk kayanka su bi ta hannu ɗaya. Idan Oktoba ta yi, ka ɗauko littattafan nan uku ka sake rubuto mini da abin da suka nuna, a lokacin za mu yi maganar burtsatse.