Kafin ka kwance bayan talabijin, ɗauki rimot

Ka ce dattijon nan na wajen Taura ya kawo kuka: ya sayo sabuwar talabijin inci 43 daga Sabon Gari, ya saka tsofaffin finafinan Indiya irin waɗanda ya kalla a Plaza da Eldorado yana saurayi, sai ga mutane sun koma gajeru masu faɗi, fuska jawur, motsinsu kuma kamar bidiyon biki. Kana tambaya ko allon ne ya samu matsala, ko ka kwance baya ka duba fanel. Ajiye sukudireban nan, ɗana. Lafiyarta ƙalau. Talabijin ɗin zamani ƙara wa hoto take yi abin da babu a cikinsa, aikinka kawai ka bi ka ciccire.

Fara da yanayin hoton. Sau da yawa za ka same su a kan wanda aka rubuta Vivid ko Dynamic, saboda a kanti ana jera su goma a ƙarƙashin fitilu, kowacce na neman ta ja idon mai saye. A ɗakin mutum wannan ba ya da amfani. Mayar da ita Movie ko Cinema. In sabuwa ce sosai, daga 2020 zuwa yau, za ka iya samun Filmmaker Mode, wanda shi kaɗai yake kashe yawancin tarkacen nan. Ka kuma duba ba a bar ta a saitin kanti ba, don in tana can, duk gyaran da ka yi za ta goge shi da kanta bayan ɗan lokaci, mai ita ya dawo ya ce ba ka iya aiki ba.

Sai maganar gajerun mutane. Tsohon fim da tsohuwar talabijin mai ƙeya, awonsu 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku. Allon yanzu 16:9 ne. In ka tilasta wa hoton 4:3 ya cika 16:9, ka ja shi gefe da gefe da kashi ɗaya bisa uku, shi ya sa siririyar 'yar rawa ta zama tubarkalla. Sa shi a 4:3, ka bar baƙin nan na dama da hagu ya zauna abinsa. Wasu finafinan kuma, tun da aka shigo da tsarin faffaɗan hoto na CinemaScope a 1953, sun fi allon ma faɗi, su baƙinsu sama da ƙasa yake fitowa. Shi ma ba lalacewa ba ne. Kada ka tsaya gardama da ido: tsayar da fim ɗin inda tayar mota ko agogon bango ya fito. In da'irar ta zagaye daidai, ka gama. In ta yi kama da ƙwai, da sauran aiki. Gwajin nan yana kama har faifan da mai kwafa ya matse hoton tun daga wajensa.

Dattijon zai ce shi fa kuɗin allo duka ya biya, a cika masa. Nuna masa duka biyun a kan fuska ɗaya. In ya dage, kayansa ne, amma ka yi masa zum maimakon jan hoto, ka kuma gaya masa zai rasa saman kawuna da rubutun fassara na ƙasa.

Motsin nan da ya ce kamar bidiyon biki, nan ne yara irinku kuke ruɗewa, don ku a ganinku kyau ne. Fim ɗin silima hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa guda. Talabijin kuwa sau 50 ko 60 take sabunta allonta, sai ta riƙa ƙirƙiro hotunan ƙarya tana cusawa a tsakani. Kalli hannun mai rawa in ta juya da sauri, za ka ga gefensa yana yagewa, gyalen yana narkewa cikin abin da ke bayanta. LG suna kiran abin TruMotion, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity a sababbinsu, Sony Motionflow. Ko mene ne sunansa, kashe shi. Tsofaffin finafinanmu na Hausa na zamanin kaset, da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, su motsinsu dama can haka yake, ba abin da za ka gyara.

Yanzu haske, kuma a nan nake so ka natsu, don guda uku ne mutane ke cakuɗawa. Baklait shi ne ƙarfin fitilun da ke bayan allo. Biraitnes, duk da sunansa, a talabijin da yawa baƙi yake saitawa. Kwantiras shi ne na fari. Nemo wajen da aka yi dare a fim, mutum da baƙin gashi da baƙar riga. Ɗaga biraitnes har baƙin gefen allo ya koma toka-toka, sannan ka riƙa sauke shi ɗaya-ɗaya har ya dawo baƙi. Tsaya nan. In ka wuce, gashi da riga da dare za su haɗe su zama dunƙule guda. Sai ka nemo farar riga a rana. In ba ka ganin naɗewar yadi da ɗinkin wuya, kwantiras ya yi yawa, rage shi har su bayyana. Baklait kuwa, ɗakin ne zai gaya maka. Mai kallo da dare rabi ya ishe shi. Ka ga yawan waɗanda ake kawo mana sauti na fita amma allo duhu? Yawanci fitilun ne suka ƙone, an bar su a 100 dare da rana. Ga mai sola kuma, rage su na nufin batir ya kai shi ƙarshen fim, kuma ka san na Indiya sai ya ci awa uku.

Kala ka bar ta a tsakiya, zafin launi ka sa Warm. Da farko zai ga kamar ta yi ɗorawa, don idonsa ya saba da shuɗi-shuɗin kanti, amma shi ne ya fi kusa da farin da masu haɗa fim suke aiki da shi, wato 6500K a ma'aunin zafin launi. A fim marar kala ake gane wannan sosai. Shafnes kuma ba ya ƙaro komai, farin layi kawai yake zanawa a gefen hula da haruffa, kamar mai kwalliyar da ta cika kwalli. Sauke shi ƙasa sosai har layin ya ɓace.

Mai share yayyafin hoto, wannan sai ka duba me aka saka. In kwafi ne mai kyau, ɗan tsakin nan da ke rawa a hoto na fim ɗin ne, in ka share shi fuska za ta koma kamar roba. In daga tsohon kaset aka juyo, sa shi a ƙarami, yana taimakawa. Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Bisidi ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye. Dibidi 720 da 576. Allon da ke da 1920 da 1080 sai ya buɗa hoton bisidi kusan sau huɗu a tsaye kafin ya cika. Babu rimot ɗin da zai dawo da abin da ba ya kan faifan. Maganinsa a ja tabarma baya.

In ka je ka tarar fim mai kala yana fitowa fari da baƙi, duba wayar nan mai ruwan ɗorawa ko ramin da aka cusa ta daidai ne, sannan ka duba tsarin kala. Mu da Indiya PAL muke, Amurka NTSC, ka bar shi a oto. Yawancinsu kowace ƙofa da nata saitin, don haka abin da ka yi wa filasha sai ka sake yi wa AV da HDMI. Ƙurar hunturun da ke kan allon, busasshen ƙyalle mai laushi za ka sa, ban da ruwan omo.

Gobe bayan la'asar ka hau mashin ka je, ka saita ta a ɗakin da yake kallo, ba a nan shago ba. Kuɗin mai kawai za ka karɓa, ba gyara ka yi ba. Kafin ka taso ka ɗauki hoton lambobin a wayarka, don gidan akwai jikoki, rimot ɗin ba zai kwana biyu a hannun dattijon ba.