Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan tablet mai Linux

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Na ji tambayar da ƙanenmu ya turo ɗazu, cewa yana so ya sayar da wayarsa ya cika kuɗi ya sayi tablet mai Linux (tsarin sarrafa na'ura ne kamar Windows ko Android), wai ko za ta ishe shi harkar makaranta. To ƙanena, ni irinta gare ni, sunanta PineTab2, kusan kullum ina aiki da ita, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Don Allah kar ka sayar da wayar nan. Ka ɗauki wannan abar a matsayin ƙaramar kwamfuta mai fuskar taɓawa. Ba ta da wurin sa layi, data sai ka jawo daga wayarka ta hotspot. Manhajojin banki kuwa don Android da iPhone aka yi su. WhatsApp ɗin nan ma da muke magana a kai, ta burauza nake buɗe shi, kuma sai da na haɗa da waya. Akwai wani abu Waydroid da ke ɗora manhajojin Android a kan Linux, amma ni dai ba zan ce ka dogara da shi kan maganar kuɗinka ba.

To me nake yi da ita? Karatu da rubutu. Fuskarta inci 10.1 ce, tana zuwa da madannai da ake cirewa a mayar. Da safe in buɗe littattafan PDF a Okular, in ja layi a inda nake so. Rubutu kuma LibreOffice, ba kuɗin lasisi, ba wanda zai ce ka biya kuɗin wata. Abin da ya fi faranta mini rai, wallahi, tsarin madannai na Hausa yana nan cikin Linux tun asali. Ka shiga saitin KDE Plasma, wato fuskar tsarin da ke kanta, ka zaɓi Hausa ta Najeriya, ga ɓ ga ɗ ga ƙ, ba sai ka je kwafo su daga wani wuri ba. Kai da kake son koyon Python, yaren rubuta manhaja, a nan ne za ka ji daɗinta, don cikakkiyar Linux ce a ciki, nau'in da ake kira Arch, duk abin da ka koya a kanta shi za ka tarar a manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet.

Amma fa sai da haƙuri. Injinta Rockchip RK3566 ne, ba na gudu ba ne, in ka buɗe shafuka da yawa a Firefox za ka ji ta yi nauyi. Da ta fito a 2023, mai RAM 4GB dala 159 ce, mai 8GB dala 209, ban da kuɗin kawowa da na kwastam. In za ka iya, ɗauki mai 8GB. Sannan Arch kullum cikin sabuntawa take, tana cin data, ni sai dare nake yi lokacin da na sa data mai arha. Caji ta USB-C ne, in an ɗauke wuta ina jona ta da fawa banki.

Kafin ka kashe ko sisi, ka zuba Linux a filasha ka gwada a kwamfutar wani na mako biyu. In ka ga kuna shiri, ka zo gida ranar Asabar bayan La'asar ka riƙe tawa da hannunka.