Tambaya da Amsa: Ina da ciki, ina da HIV, kuma na kasa shan maganina

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. A Aboabo nake nan Kumasi, cikina wata biyar, ranar da naje awon farko aka ɗebi jinina akace ina da HIV, aka bani magani ƙwaya ɗaya kullum. Da farko ina sha, amma yanzu wlh sai in buɗe robar in tsura mata ido in mayar, wani lokacin kwana uku ban sha ba. Bana bacci, abinci baya min daɗi, koko da ƙosan da nake sayarwa ma na daina fitowa da su, kuka kawai. Maigida bai sani ba, a gwangwanin Milo nake ɓoye maganin saboda kishiyata. Uwar mijina tace iska ce ta taɓa ni a kaini wajen malam. Anti ko na riga na cuci ɗan dake cikina?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Baki cuce shi ba, akwai sauran lokaci kafin haihuwa, amma dai yau ɗin nan ki koma kan maganinki, kuma kada kice zaki haɗa biyu ko uku don rama na baya, ɗaya ce kawai.

Abin da kika lissafa min, rashin bacci, rashin cin abinci, kuka, sana'arki ta fita ranki, idan ya wuce sati biyu a jere to ciwon damuwa ne, ciwo ne da ake magani a asibiti. Ba lalaci bane kuma ba raunin imani bane. Shi ne yake riƙe miki hannu idan kin buɗe robar nan, don haka duk wanda zai tsaya yana miki faɗan ki sha magani bai taɓa damuwar ba, gsky aikin banza yake. Hukumar lafiya ta duniya tace kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki suna fama da irin wannan, a ƙasashe irin namu ma ya haura 15, wannan fa harda waɗanda basu da HIV, balle ke da aka faɗa miki wannan labari da ciki a jikinki kuma kike ɗauke da shi ke kaɗai.

Ga dalilin da yasa nake matsa miki. Idan uwa bata shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗaukar cutar, ko a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan tana sha kullum har ƙwayar cutar ta kwanta a jini, abin yana sauka ƙasa da 5. Sha yau a bari gobe kuwa shi ke sa cutar ta farfaɗo har ta daina jin maganin.

Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki koma wannan satin. Kuma idan ungozoma tace yaya jiki kada kice lafiya lau irin namu na zango, ki faɗa mata yadda kika faɗa min, harda kwanakin da baki sha ba, ki tafi da robar ma ta ƙirga da kanta. Kice kina so a haɗa ki da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin Komfo Anokye suna da sashen. Nasan da an ambaci wannan sashe mutanenmu sai suce mahaukata, to yawanci zama ne ake yi ana magana dake, in abin yayi nauyi akwai maganin damuwa da likita ke iya bai wa mai ciki, shi zai zaɓa, banda na kemis banda jiƙe-jiƙen cikin kwalba. Ki nuna musu sunan maganin HIV ɗin naki, don mai efavirenz an san shi da kawo munanan mafarkai da dagula rai, shi kuma mai dolutegravir da akafi bayarwa yanzu yana hana wasu bacci, irin haka sai a maida shi safe.

Wani abu da ake mantawa a faɗa wa masu ciki, ƙwayar ƙarin jini da ake baku wajen awo tana hana dolutegravir shiga jiki sosai idan aka haɗiye su tare ba abinci. Ko ki sha su tare da abinci, ko ki fara shan na HIV sai bayan awa 2 ki sha na jinin.

Addu'a kam ki riƙe, malam ma ba laifi, amma duk wanda yace ki ajiye ƙwayar asibiti ki bar wajensa. Maganar maigida kuma, dole shi ma a gwada shi har kishiyar taki, sai dai ban ce ki faɗa masa a tsakar gida ba, nas ɗin zata iya kiranku tare ta yi bayanin a gabanki, in kuma kina tsoron duka ko saki ki fara sanar da ita. Dokar ƙasar Ghana ta 2016 ta hana ma'aikacin asibiti tona sirrinki. Kafin nan ki samu mutum ɗaya, yayarki ko aminiya, wadda zata riƙa kiranki lokacin magani.

In kuma zuciyarki ta fara raya miki gara ki mutu ki huta, ko ki yi wa kanki wani abu, wannan baya kwana, ki faɗa wa na kusa dake ya raka ki asibiti nan take ko ki kira lambar gaggawa 112.