Amsa ga 'yar'uwar da zafin fitsari ya dawo mata bayan shan cipro

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce kin sayi cipro a kemis saboda zafin fitsari, kin sha kwana biyu kika ji sauƙi kika ajiye, yanzu ya dawo har da ciwon mara, kina tambaya ko ki ƙarasa ragowar ko ki koma Ampiclox yadda maƙwabciyarki ta ce. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Ki fara zuwa a gwada fitsarin.

Na daɗe ina aikin jinya a nan Kaduna, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda muka tattara komai muka kira shi ciwon sanyi. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri daban, zafin fitsari da fitsari kaɗan-kaɗan daban, cutar da ake ɗauka wajen saduwa ita ma daban. Mai ƙaiƙayi idan ta ɗirka wa kanta cipro, sau da yawa ƙaruwa abin yake yi, domin maganin na kashe har ƙwayoyin da ke kare gaban mace. Yaron da ke wanka a rafi kuwa, in aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ake fara zargi, maganinta praziquantel.

Yawancin ciwon mafitsara ƙwayar E. coli ce ke kawo shi, daga bayan gida take tahowa, kuma ya fi kama mata saboda hanyar fitsarinmu gajera ce. Wannan ƙwaya ta daɗe da daina jin magunguna da yawa saboda shan da ake musu barkatai. Ampiclox da ake ta yabo ba na wannan ciwon ba ne: rabinsa ba ya taɓa E. coli ko kaɗan, ɗaya rabin kuma yawancin ƙwayoyin sun saba da shi. Shi ya sa ake gwajin da likitoci ke rubutawa M/C/S. Ana shuka fitsarin a ɗakin gwaji, bayan kwana 2 zuwa 3 a ga wace ƙwaya ce, wane magani kuma ke kashe ta. Ana yi a Barau Dikko, ana yi a Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Ki yi tsarki, ki bar farkon fitsarin ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki, ki miƙa nan take. Ki faɗa wa likita kin sha cipro da ranar da kika daina, don hakan na iya ɓoye ƙwayar. In zafin ya tsananta, zai iya fara ba ki magani kafin sakamako ya fito.

To idan an rubuta miki ɗaya daga cikin magungunan nan, ki kula da waɗannan. Nitrofurantoin da abinci ake sha, kuma yana mayar da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa, kada ki tsorata. Ba a ba mai cikin da ya kusa haihuwa, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini). Cipro kuwa ba ya shiri da madara, nono, yogot, maganin ƙarin jini da farin maganin olsa, suna hana jiki ɗaukarsa. Ki sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mata da yawa da shayi mai kauri suke haɗiye shi da safe, sannan su ce bai yi aiki ba. In kika ji ciwo a agarar ƙafa, ki dakata ki koma asibiti. Septrin idan ya fito miki da ƙuraje ko gyambo a baki, ki tsaya a ranar, wannan ba abin jira ba ne.

Ba ki faɗa mana ko kina da ciki ko kina shayarwa ba. In akwai, ko da zato ne, shi za ki fara faɗa wa likita, domin ana guje wa cipro da Septrin ga mai ciki, kuma ciwon fitsarin da aka bari yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Kwanakin da aka rubuta miki ki cika su cif, a kan lokaci, ko da zafin ya tafi a rana ta biyu. In kin manta da sha ɗaya, kada ki haɗa biyu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Ki riƙa shan ruwa sosai, ki daina riƙe fitsari, ki yi tsarki daga gaba zuwa baya, ki yi fitsari bayan saduwa. In ciwon yana yawan dawowa, a duba miki suga.

Amma fa idan zazzaɓi ya shigo, da rawar sanyi, amai, ko ciwo a kwiɓi ta baya, alama ce ciwon ya hau ƙoda. Kada ki ɗauka maleriya ce ki koma kemis, kada kuma ki jira sakamakon gwaji, ki tafi asibiti a ranar ko da dare ne. Allah Ya sawwaƙe, ki sanar da mu yadda kuka yi da likita.